Rasuwar Ja-Riga da 'Yan'uwanta Shida

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wata 'yar kunya da ba a saba sakawa a irin wannan takarda ba, iyalan gidan nan mai koren ƙyaure na ƙarshen layi ke sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da duk mai wucewar da ya taɓa rage tafiya don ya shaƙi ƙamshi, rasuwar shuke-shuke bakwai da suka yi wa tsakar gidan shinge har shekara talatin da huɗu. Shida daga cikinsu an riga an kwashe su ranar Talatar da ta wuce. Guda ɗaya ta rage, wadda aka fi sani da Ja-Riga. Tana nan tsaye a mazauninta, a mace, tana jiran masu ɗauka. Dalilin wannan jinkiri yana nan gaba, kuma ba dalili ba ne da zai ƙara wa uwar gidan daraja.

Uwar gidan ita ce tsohuwar malamar kimiyyar nan da ta yi shekara talatin da biyar tana koyarwa, wadda ɗalibai suka laƙaba wa suna Kawo-Hujja, suna tsammanin ba ta sani ba. Ta sani, har ma tana jin daɗinsa. Ba ta yarda da kambun baka ba. Ba ta yarda cewa ƙaiƙayin tafin hannu na nufin wani abu ban da ƙaiƙayi ba. Duk maganar da aka fara da "ai an ce", sai ta tambayi wane ne ya ce, a ina, kuma shi wa ya gaya masa. Ana roƙon mai karatu ya riƙe wannan a ransa.

Marigayan sun zo gidan ne a bayan keke, kowacce a cikin gwangwanin madara, a shekarar da aka haifi Auta. Mai gidan ne ya kawo su, wanda a lokacin yake aiki a gidan waya. Mai sayarwa ya gaya masa sunansu, ya rubuta a kwali ya soke a ƙasa, ruwan farko ya wanke rubutun. Malama ta duba littafi ta gano sunan, wani dogon suna na boko mai gaɓa shida. Ta jira ya tambaye ta. Bai tambaya ba, ita kuma ba ta faɗa ba, haka aka yi shekara talatin da uku. Yara ne suka raɗa musu sunan da ya bi su. Ta bakin ƙofa ita ce Mai Gadi. Sai Dogo, sai Ja-Riga, sai Tagwaye da suka sarƙe da juna har ba a san reshen wa ke hannun wa ba, sai Malalaciya wadda ba ta taɓa yin fure ba ko sau ɗaya, sai ta can ƙurya da ake kira Shiru, don kullum mantawa ake da ita wajen ƙirga. An dasa su a jere, an bar ɗan lungu tsakaninsu da katangar waje, wadda tsayinta bai wuce ƙirjin mutum ba.

Waɗanda suka san su za su shaida cewa masu rufin asiri ne. Sun tsare shanyar gidan daga idon titi, tun daga tsumman jarirai har zuwa zanen gadon jinya. Sun sha ƙura da hayaƙin motoci a madadin mutanen ciki, ba su taɓa kai ƙara ba. Sun haɗiye ƙwallon yaran layi ba adadi, ba su taɓa mayarwa ba, kuma ba su taɓa nuna wanda ya buga ba. Idan aka yi ruwa aka ɗauke, sai su saki wasu ƙananan furanni farare masu ƙamshin da ke sa baƙo ya manta abin da ya kawo shi. Malama takan bayyana wa baƙon cewa ƙamshin ba don shi aka yi ba, don ƙwari ne. Duk da haka ita ma takan buɗe taga.

Ba su da yawan magana. Mai Gadi takan yi ɗan kas-kas idan an buɗe ƙyaure da ƙarfi. Tagwaye sukan yi ƙiii idan iska ta goga su da juna, kamar tsohuwar kujera. Amma muryar da gidan ya fi sani ta Ja-Riga ce.

Kullum da safe, da zarar an gama labaran ƙarfe bakwai a rediyo, mai gidan zai ajiye kofinsa, ya ciro butar ban ruwa ta ƙarfe mai dogon baki daga ƙusar da take rataye, ya bi ta 'yar kafar da ke tsakanin Dogo da Ja-Riga ya shige lungun bayan shinge. A daidai kafar akwai wani reshe da ya miƙo a tsayin kafaɗa. Reshen zai kama masa riga, ya bi jikin yadin, shaaa. Sai ya sake shi, kas. Sai mai gidan ya yi tsaki. Shaaa, kas, tsaki, ko agogo bai fi su cika alkawari ba. Malama tana zaune a teburin kicin, ta juya wa taga baya saboda haske, tana duba littattafan ɗalibai, daga baya da ta yi ritaya tana duba kurakuran jarida. Ba ta taɓa waiwayawa ba. Me za ta gani? Mutum na ba shuka ruwa.

Ta ce masa ya datse reshen ya fi sau ɗari. "Malam, riga nawa abin nan zai ci kafin ka ɗauki almakashi?"

"Ki bar ta," in ji shi. "Ita kaɗai ke riƙe ni a gidan nan."

Takan ce masa wannan ba amsa ba ce. Shi kuma yakan yi dariya ya ɗauki hularsa.

Wata goma sha huɗu ke nan da mai gidan ya rasu, da rana tsaka, a gadon asibiti, ba tare da ya wahalar da kowa ba, kamar yadda ya saba. A kwana na tara, baƙi sun ragu, Malama ta zauna a teburinta, aka gama labarai, ta kashe rediyo. Sai ta ji shaaa. Sai ta ji kas. Ta riƙe numfashi tana jiran na uku. Babu tsaki.

Ba mace ba ce mai ihu. Littafi ta ɗauko, ta ja layi, ta rubuta kwanan wata. Ta rubuta abubuwa huɗu da za su iya jawo haka: iska, kyanwa, ƙadangare, da kunnen tsufa. Ta ɗaure zare a wani reshe don ta ga motsin iska. Ranakun da zaren bai ko girgiza ba, ƙarar ta zo. Ta barbaɗa toka a kafar, ta samu sawun kurciya kaɗai. Ta je aka duba mata kunne, likita ya ce kunnenta ya fi nasa. Ta juya kujera ta zuba wa reshen ido tun kafin bakwai har takwas, bai motsa ba, ba ta kuma ji komai ba. Washegari ta juya baya kamar da, sai ga shi, shaaa, kas. Gwaji ɗaya ne ya rage, wanda ko ɗan aji ɗaya zai fara da shi, wato a datse reshen a gani. Almakashin yana cikin aljihun tebur, ƙarƙashin hannunta na dama. Littafin ya cika, ta sayi wani. Ba ta gaya wa kowa ba. Wannan takarda ce karo na farko, kuma 'ya'yanta a nan za su karanta kamar kowa.

Game da rashin lafiyar da ta yi ajalin marigayan, ta fara ne a hankali, wajen wata na biyar da rasuwar mai gidan. Ganyen ƙasa ya yi rawaya, ya yi laushi, ya zube ba tare da ya bushe ba. Shiru ce ta fara, ba wanda ya lura. Sai Malalaciya, aka ce ai da ma. Da ciwon ya kai ga Tagwaye, sai masu ba da shawara suka yi layi. Maƙwabci ya ce gara ce, a zuba magani. Babban ɗan gidan, injiniyan da ke aiki a nesa, ya bugo waya ya ce taki ne ya ƙare a ƙasar. Gwaggo, ƙanwar marigayi, wadda ke zaune gida biyu daga nan kuma take da mabuɗin ƙyaure, ta ce baki ne, tun ranar da wata mai gaisuwa ta tsaya tana yabon shingen ta san za a yi haka. Mafi yawa kuwa sukan sauke murya su ce, "Ai sun bi mai su ne."

Wannan ta ƙarshen ce ta fi ɓata wa Malama rai. Ta bayyana wa duk wanda ya faɗa cewa shuka ba ta da zuciya, ba ta da ƙwaƙwalwa, ba ta san wanda ya dasa ta ba balle ta yi kewarsa. Abin da shuka ta sani shi ne haske da ƙasa da ruwa. Abin da ba ta bayyana ba shi ne, tun daga kwana na goma, kullum da sassafe kafin layi ya tashi, takan fito ta ba su ruwa da kanta. Ta tarar butar ta huje a gindi, sai ta sayi tiyo. Takan naɗe shi ta mayar bayan tanki kafin kowa ya gan ta, don ba ta son a ce Kawo-Hujja ta fara lallashin itace. Da ganye ya yi rawaya, ta ce ƙishi ne, mai gidan ya fi ta hannu. Ta ninka ruwan.

Da Mai Gadi ta zube tsirara, injiniya ya gaji da jin labari ta waya, ya nemi masu aikin lambu na gaske, irin masu zuwa da mota da kayan aiki. Suka iso ranar Talata da hantsi a akori-kura, tana jan wani inji a baya. Su huɗu ne. Shugabansu wani mai furfura ne a gemu, da safar hannu a soke a aljihu. Yana ganin Malama sai ya cire hula ya rusuna.

"Malama, ba ki gane ni ba. Layin baya, kusa da taga. Ni ne na zana zuciya da ɗaki biyar."

"Na gane ka," in ji ta. "Har yanzu huɗu ne."

Bai taɓa ganye ba, bai tambayi tarihin ciwo ba. Ya karɓi shebur ya share busasshen ganyen da ya yi katifa a gindin Shiru, ya haƙa kamu biyu. Ramin ya fara tsatso ruwa. Wani wari ya taso, irin na tulun da aka manta a rufe. Ya sa hannu ya jawo saiwa, baƙa wuluk, ya murza ta da yatsa biyu, bawon ya saɓule kamar rigar da ta yi wa mutum yawa. A lokacin Gwaggo tana tsaye a baranda da mayafi a kafaɗa, Auta kuma, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta nemi izini daga wurin aiki ta zo da fararen kayanta.

"Wa ke ba su ruwa?" in ji mai lambu.

Murya uku suka ce, "Ni."

Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya juya baya yana gyara igiyar da ba ta kwance ba.

Gwaggo ce ta fara farfaɗowa. Ita da azahar take zuwa, in ji ta, lokacin da matar Yaya ke barcin rana, bokiti biyu kowace shuka. "To wa zai ba su? Ke da ba ki san ganye ba sai na cikin littafi? In zuba ido amanar Yaya ta bushe?" Auta kuwa da la'asar take biyowa daga aiki, daidai lokacin da uwarta ke fita tattakin da likita ya ɗora mata. Ta yi shiru ne don kada Mama ta ji kamar ana cewa ta gaza. Kowacce idan ta tarar da damshi a ƙasa, sai ta ce nata ne na jiya, ta ji daɗi, ta ƙara.

"Mama, ke kuma yaushe?" in ji Auta.

"Ba a nan ake tambaya ba," in ji Malama.

Mai lambu ya goge hannu a wando, ya yi magana yana kallon ƙasa, kamar mai tsoron a rage masa maki. Irin waɗannan, in ji shi, ƙishi suke so. Idan sun kafu, ruwan sama ya ishe su, da rani kuwa sau ɗaya a kwana goma ma alfarma ce. "Malama, ai ke kika koya mana. Saiwa ma numfashi take. Kin ce wanda ya manta zai maimaita aji. Nutsewa suka yi."

Sai Malama ta ji ƙasa ta dawo ƙarƙashin ƙafarta, don ta kama shi da kuskure. "Ba haka ba ne. Mai gidan nan kullum yake ba su, shekara talatin da uku, ba fashi. Da kunnena nake ji."

Mai lambu ya dubi butar da ke rataye a ƙusa. Ya ciro ta, ya kifa, ya daɗe yana kallo. Sa'an nan ya miƙa mata.

"Na san ta huje," in ji ta. "Bayan rasuwarsa ne."

"Malama, yaushe aka yi wa ƙyauren nan fenti?"

Shekara takwas ke nan, Auta ta amsa. Baba ne ya yi da kansa, da ragowar ya shafe butar, har Mama ta yi faɗa.

"To duba bakin ramin."

Ta sa tabarau. Ramin ya kai faɗin babban yatsa. Koren fentin ya bi gefensa, ya lanƙwasa, ya shiga ciki ya bushe a can. Fenti ba ya shiga ramin da ba a yi ba tukuna. Shekara talatin da biyar tana neman a kawo mata hujja, ranar da aka kawo kuwa, ba ta sami abin cewa ba sai, "Ka ci."

Ashe kusan shekara bakwai, in ma bai fi ba, mai gidan yana ɗaukar buta wadda ba ta riƙe ko cokali ɗaya, yana shiga bayan shinge, yana yin kusan rabin sa'a, yana fitowa. Auta ta ce ba ta taɓa sani ba. Gwaggo ta ce Yaya tun yana yaro haka yake, ba ka sanin cikinsa, sa'an nan ta ja mayafi ta rufe fuska.

Iyali na yaba wa ma'aikatan bisa ladabin da suka yi wa gawarwakin. Sun shimfiɗa tamfol don kada su ɓata daɓe. Daga ƙurya suka fara. Sukan sare rassa tukuna, su bar kututture iya gwiwa don a sami abin kamawa, su haƙa kewaye da diga, su datse manyan saiwoyi da gatari, su ɗaura igiya, mutum uku su ja. Shiru ta fito ba gardama, da ɗan cak, kamar haƙorin da ya daɗe yana girgiɗi. Malalaciya ta kwanta tun kafin a ja. Tagwaye ba su rabu ba, tare aka ɗaga su, kuma sun yi ƙiii ɗinsu na ƙarshe a cikin baro. Mai Gadi ta ba da wahala, don ta cusa saiwa ƙarƙashin dokin ƙofa. Duk abin da aka sare, injin da ke bakin titi yana haɗiyewa da ruri, yana tofar da shi ɓarɓashi a bayan mota. Shekara talatin da huɗu ba su cika rabin akori-kura ba. Kowane rami sai sun kwashe ruɓaɓɓiyar ƙasar, sun zuba sabuwa, sun daddale.

Da aka kayar da Dogo, lungun bayan shinge ya bayyana, wanda Malama ba ta taɓa shiga ba. A bayan Ja-Riga akwai bulo biyu a jere, sun nutse a ƙasa har sun yi daidai da ita, tsakiyarsu ta yi santsi, ta ɗan lotsa. Wurin tsayuwar mutum ɗaya ne.

Ta taka ta hau. Da ta fuskanci gida, sai ga tagar kicin ta cikin rassa, ga teburin, ga bayan kujerarta, kusa ƙwarai, har ana iya ƙirga furfurar wanda ke zaune. Da ta juya, sai ga katanga iya ƙirji, ga titi ya miƙe sambal har inda motocin barin gari ke karya kwana. Duka biyun sun zauna daidai a ido, kamar an auna.

Ta kira tsohon ɗalibinta. "Duba min nan. Ina dunduniya, ina yatsu?"

Ya tsuguna ya shafa bulon da tafin hannu, gaba da baya. Ya daɗe. "Malama, da takalmi yake tsayawa. Lotsawar ɗaya ce ta ko'ina." Ya ɗago ya dube ta, ya ƙara da cewa, "In kina so in ce taga, sai in ce taga."

"Ban koya maka haka ba," in ji ta.

Sai mai zarto ya matso ya kama reshen nan na tsayin kafaɗa, ya ɗora masa haƙoran zarto. Malama ta ji bakinta ya ce, "Dakata." Kowa ya juyo. Ta ce bututun ruwan gidan ta ƙarƙashin wannan ya bi, idan aka ja za a fasa, sai an kira mai gyaran famfo. Ta faɗe shi da muryar aji, wadda ba a yi wa musu. Mai lambu, wanda tun isowarsa ya bi layin bututun ya ga ta ɗaya gefen gidan ya shiga, ya sosa gemu.

"To, Malama. Kwana nawa kike ganin bututun zai yi kafin ya matsa?"

Suka naɗe tamfol suka tafi. Wannan ita ce ƙarya ta farko da ta taɓa yi wa ɗalibi, kuma ta yi ta ne a gaban 'yarta.

Marigayan sun bar kurciyoyi biyu da ke ta sauka a kan katanga suna duban inda gidansu yake da. Sun bar wata hawainiya da aka gani tana tsallaka daɓe a hankali, ta rasa launin da za ta ɗauka. Sun bar ƙwallo goma sha ɗaya a sace, waɗanda masu su yanzu wasu har sun yi aure, da cokali uku, da takalmin yaro wari ɗaya wanda aka taɓa dukan injiniya a kansa. Iyali na ba shi haƙuri. Sun bar mata uku da ba su haɗa ido sosai ba tun ranar Talata. Sun bar tsakar gida da haske ya yi wa yawa, har mai wucewa na iya ganin abin da ke kan tebur.

Sun kuma bar Malama da Ja-Riga, su biyu. Yanzu babu Dogo, saboda haka babu kafa. Fili ne fetal, ko saniya za ta wuce ba ta taɓa reshe ba. Duk da haka ranar Laraba, da aka gama labarai, sautin ya zo. Alhamis ma ya zo, da Juma'a. Sai dai ganyen ya bushe, muryar ta shaƙe, shaaa ɗin ya koma ƙarrr, kamar mai jan numfashi da ƙyar. Ta kasa kunne ko za ta gane shiga ake ko fita. Ba ta gane ba.

Ta yi lissafin abin da ke gabanta, don lissafi ne abin da ta iya. Idan aka tumɓuke Ja-Riga ƙarar ta ɗauke, to reshe ne da iska tun farko, ta yi gaskiya duk rayuwarta, kuma daga ranar babu mai wucewa ta bayan kujerarta da safe har abada. Idan aka tumɓuke ƙarar ba ta ɗauke ba, to akwai ɗalibai wajen dubu huɗu da ya kamata ta bi gida-gida ta ba su haƙuri. Ta auna biyun, ba ta sami wanda za ta iya ɗauka ba. Amma ta san matacciyar shuka ba ta tsayawa don mutum. Ko ba a ɗauke ta ba, gara za ta yi aikin a hankali, reshen ya faɗi wata rana ba shaida, a bar ta da "wataƙila". Kuma ta san halinta: idan ba a buga rana a takarda an raba wa mutane ba, bututun nan ba zai taɓa matsawa ba.

Saboda haka ana sanar da cewa za a ɗauki Ja-Riga ranar Asabar mai zuwa, da ƙarfe tara na safe. An umarci mai lambu, a rubuce, kada ya saurari duk wani bayani da uwar gidan za ta kawo a ranar, ko da ya zo da zane da lambobi. Za a niƙe gawar a bakin titi kamar 'yan'uwanta, a kai ɓarɓashin inda za a zuba wa wasu shuke-shuken a gindi. Bulo biyun za a bar su inda suke. Ba a buƙatar furanni. Ana roƙon jama'a, don girman Allah, kada kowa ya zo da ruwa.

Za a karɓi gaisuwa washegari Lahadi, a kicin, ba a falo ba. Kujeru takwas ne, biyu na Gwaggo da Auta. Ana so kowa ya zauna kafin ƙarfe bakwai, ya juya wa taga baya. Za a saurari labarai har ƙarshe, sa'an nan a kashe rediyo. Daga nan minti goma, ba tari, ba waya, ba jan carbi da ƙarfi. Masu bayani su riƙe bayaninsu, na kimiyya da wanda ba na kimiyya ba. Malama ta sha faɗa wa ɗalibai cewa kunnen mutum ɗaya ba hujja ba ne, shi ya sa take neman aron naku.

Wanda ya ji wani abu, ya ɗaga hannu kamar a aji, za ta gani. Idan kuwa minti goma suka cika ba hannun da ya tashi, har da nata, to kada kowa ya yi saurin miƙewa. A zauna da ita har shayin ya huce.